Ɗiya Amana Ce: Hukuncin Mai Cin Kuɗin 'Yantacciya da Haƙƙinta a Wuyan Hukuma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya girmama ɗan Adam, Ya haramta wa Kansa zalunci, Ya kuma sanya shi haram a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, mahaifin Nana Fatima, gatan marayu da raunana, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, yana daga cikin abin da shehunai suka yi ittifaƙi a kansa cewa zunubi iri biyu ne. Akwai wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda nadama da istigfari suke wankewa. Akwai kuma wanda ya rataya da haƙƙin wani bawa, wanda ba ya faɗuwa sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko ya yafe da yardar ransa. A cikin kashi na biyu da wuya a sami abin da ya kai nauyin cinikin jikin ƙaramar yarinya, wato a karɓi kuɗi ko hatsi ko dabba, a miƙa ta ga wani babba ya biya buƙatarsa da ita. Wannan abu yana faruwa a ƙasar Nijar, a garuruwan da ake kiran salla sau biyar, kuma sau da yawa masu yin sa suna lulluɓe shi da sunan addini. Saboda haka ya wajaba 'yan'uwa su san hukuncinsa, su san matsayin yarinyar da aka yi wa shi, su kuma san abin da yake wuyan hukuma da abin da yake wuyan zawiya.

Ayar da ta sauka saboda kuyangi biyu

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa Abdullahi ɗan Ubayyu ɗan Salulu, shugaban munafukan Madina, yana da kuyangi biyu, Musaika da Umaima, yana tilasta su su yi alfasha don su kawo masa kuɗi. Sai suka kai kuka wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. A kan haka Allah Ya saukar da aya ta 33 ta Suratun Nur, wadda ta hana tilasta kuyangi yin karuwanci don neman abin duniya, ta kuma rufe da ambaton gafara da jin ƙai. Malaman tafsiri sun bayyana cewa gafarar nan ta waɗanda aka tilasta ce, zunubin kuma yana kan wanda ya tilasta su.

Akwai fa'idoji huɗu a cikin wannan ƙissa. Ta farko, kuyangin sun sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa, kuma an saurare su. Ta biyu, wanda suka kai ƙara babban mutum ne, wanda kafin hijira mutanen Madina suka kusa naɗa shi sarki, amma girmansa bai hana a tona abin da yake yi ba. Ta uku, Alƙur'ani ya ambaci tushen cutar da sunansa, wato kwaɗayin abin duniya mai gushewa. Ta huɗu, an ɗauke laifi daga kan waɗanda aka zalunta. In haka Allah Ya tsaya wa kuyangi a zamanin da bauta take a cikin dokar mutane, yaya kuma ɗiya 'yantacciya, Musulma ɗiyar Musulmi, wadda ko balaga ba ta yi ba?

Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin Annabi game da kuɗin da ake biya don alfasha. Bukhari kuma ya ruwaito hadisi ƙudsi wanda ma'anarsa ita ce, mutum uku Allah da Kansa ne abokin husumarsu ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya warware, da wanda ya sayar da 'yantacce ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya hana shi ladansa. Wanda Alƙalin ranar ne abokin husumarsa, ina zai sami mai kare shi?

Wahaya: bauta da rigar aure

A wasu yankuna na jihar Tawa, musamman wajajen Ƙonni da Madawa da Illela da Buza, akwai al'adar da ake kira wahaya, wasu kuma su ce sa-ɗaka. Mai hali wanda ya riga ya cika mata huɗu yakan biya kuɗi ga wanda yake da'awar mallakar wata yarinya, mafi yawa daga zuriyar da ake yi wa kallon bayi, ya kai ta gidansa ba da ɗaurin aure ba, ba da sadakin da ya shiga hannunta ba. Da rana ita ce mai daka da ɗibar ruwa da kiwo da hidimar matan gida, da dare kuma tana hannun maigida. Wasu ana tsallakar da su iyaka zuwa arewacin Najeriya. Binciken da ƙungiyar Timidria ta yi tare da abokan aikinta, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka zanta da su an sayar da su ne kafin su kai shekara 15.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Hadizatu Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan jika 240 na sefa ga wani mutum mai shekara 46 a yankin Ƙonni. Ta yi shekara tara a hannunsa, ta haifa masa 'ya'ya. A watan Agusta na 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata hukuncin wata shida na kaso bisa zargin aure kan aure. Da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyi ta kai ƙara kotun CEDEAO, a lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta yanke cewa an riƙe ta a cikin bauta, kuma hukuma ba ta kare ta ba, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda riƙe wahaya, a 2019 kuma kotu ta tabbatar wa Hadizatu cewa wancan zama ba aure ba ne.

Masu wannan al'ada suna da shubuha guda wadda suke dogara da ita. Suna cewa ai Musulunci ya halatta ƙwarƙwara bayan mata huɗu. Amsar tana da sauƙi ga wanda ya karanta fiƙihu. A tambayi mai wahaya: matarka ce ko baiwarka?

In ya ce matarsa ce, to Suratun Nisa'i ta tsayar da iyaka a kan huɗu. Gailana ɗan Salama Assaƙafi ya musulunta yana da mata goma, Annabi ya umarce shi ya riƙe huɗu ya rabu da sauran. A mazhabar Imamu Malik auren ta biyar ɓatacce ne, har Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ya lissafa shi cikin abin da ke jawo haddi ga wanda ya san haramcinsa. Sannan sadaki dukiyar mace ce, ita ake bai wa. Kuɗin da aka ƙirga wa wani mutum daban don ya saki yarinya sunansa farashi.

In kuwa ya ce baiwarsa ce, sai a tambaye shi ta wace hanya ta zama baiwa. Asalin ɗan Adam 'yanci ne, kuma Musulmi 'yantacce ba ya zama bawa ta hanyar hari ko sata ko yunwa ko bashi. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa wannan tambaya tun 1615 a cikin Mi'irajus Su'ud, inda ya ƙi yarda da cewa launin fata ko ƙabila dalili ne na bautarwa, ya kuma lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne waɗanda bai halatta a mallake su ba, cikinsu har da Kano da Katsina da Gobir da Barno da Sanwai. Yarinyar da take salla, uwarta tana salla, kakarta tana salla, wa yake da hujjar da zai tsaya da ita gaban Allah cewa dukiyarsa ce? Bayan haka kuma, mahukuntan ƙasashen Musulmi sun rufe ƙofar bauta gaba ɗaya, kuma rufe ta ya dace da abin da shari'a take kwaɗaitarwa a kai, domin ta sanya 'yanta wuya kaffarar kisan kuskure da zihari da rantsuwa, ta kuma ba shi kaso a cikin zakka. Ta kowace fuska aka duba, mai sayarwa ya ci kuɗin 'yantacciya, mai saye ya kusanci wadda ba ta halatta gare shi ba, dillali da mai shaida da malamin da ya shafa fatiha a kan cinikin kuma duk sun yi tarayya a cikin zunubin.

Sauran ƙofofin da ɓarna take shigowa

Wanda ba a yin wahaya a garinsu kada ya ɗauka ya kuɓuta. A Maraɗi da Damagaram da Yamai cutar tana da wasu tufafi. Akwai yarinyar da ake ɗora wa tallar goro ko gyaɗa ko tuwo, a ce kada ta dawo sai tire ya ƙare, ta kai dare a tasha tsakanin direbobi da 'yan kamasho. Wani ya saye kayan duka a kan sharaɗi, ta kawo kuɗi gida, uwa ta ƙirga ba ta tambayi yadda aka yi ba. Akwai wadda wata hajiya take ɗaukowa daga ƙauye da sunan aikatau, ana aika wa iyaye ɗan abin da ya samu a ƙarshen wata, alhali ɗakin da take kwana ba shi da ƙofar da za ta kulle. Akwai waɗanda ake yi wa alkawarin aiki a Agadas ko wuraren haƙar zinariya ko bayan hamada, a ɗora musu bashin kuɗin mota da na abinci, a ce da jikinsu za su biya. Akwai waɗanda rikici ya kora daga gidajensu a yankin Diffa da Tilaberi da kudancin Maraɗi, suka zauna a wurin da buhun hatsi yake hannun wanda ba ya tsoron Allah. Akwai kuma sabuwar ƙofa ta wayar salula, inda babba yake farautar yarinya ta Facebook ko WhatsApp, ya fara da kyautar kati, ya ƙare da barazanar yaɗa hotonta. Yara maza ma ba su tsira ba, musamman almajirin da yake kwana a rumfar kasuwa, cikinsa babu komai, ba mai ƙirga shi in dare ya yi.

A duk waɗannan akwai abu uku da ba sa rabuwa: yaro mai rauni, babba mai kuɗi, da wani na kusa wanda ya gani ya kau da kai. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Baƙo ba ya sanin gidan da gero ya ƙare, sai wani ya nuna masa.

Yarinya ba ta da laifi

Idan abu ya bayyana, akan ji wasu suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ba shi da wuri a nan, kuma faɗinsa a kan ƙaramar yarinya zalunci ne na biyu. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, an kuma ɗauke wa al'umma abin da aka tilasta ta a kai. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo babi a kan matar da aka tilasta, ya bayyana cewa uƙuba tana kan wanda ya yi mata fin ƙarfi, ita babu komai a kanta, kuma wajibi ne ya biya ta kwatankwacin sadakin irinta. Ya kawo cewa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi hukunci da wannan biya. Wato tun ƙarni na farko fiƙihu ya haɗa abu biyu: hukunta mai laifi, da biyan wadda aka cuta.

Tilas kuma ba wuƙa kaɗai ba ce. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar an kawo wata mata wadda ƙishirwa ta kusa kashewa, ta roƙi wani makiyayi ruwa, ya ƙi ba ta sai ta ba shi kanta. Da Umar ya yi shawara, Sayyidina Aliyu ya nuna cewa wannan matsuwa ce, sai aka sake ta. In an karɓi uzurin babbar mace saboda ƙishirwa, yarinya 'yar shekara 12 wadda yunwa da tsoro da umarnin manya suka taru a kanta ta fi cancantar a karɓi nata. Ko da ta miƙa hannu ta karɓi kuɗin, ko da ta ce ta yarda, yardar yaro a wannan babi ba yarda ba ce.

A nan ne ya kamata a gyara fahimtar sutura. Suturar da shari'a ta yi umarni da ita ta wadda aka cuta ce: kada a yaɗa sunanta, kada a yi mata gori, kada a hana ta aure saboda abin da ya wuce. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa wani mutum ya gaya wa mai neman auren 'yar'uwarsa abin da ya taɓa faruwa da ita, da labari ya kai ga Umar sai ya buge shi ko ya kusa bugunsa. Amma a garuruwa da yawa an juya al'amarin. Ana rufa wa mai laifi asiri saboda rawaninsa ko dukiyarsa, a tara dattawa a zaure, a ba uba 'yan jikkuna, a ce an yi sulhu, ita kuma a bar ta da sunan da zai bi ta har kabari. Wannan sulhu sayarwa ce ta biyu. Mutumin da aka rufa wa asiri yau, gobe ɗiyar wani zai nema, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya yi gargaɗi cewa mai ɓoye shaida zuciyarsa ce take ɗauke da zunubi.

Hukuma waliyyin wanda ba shi da waliyyi

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya sanya mai mulki waliyyin wanda ba shi da waliyyi. Yarinyar da ubanta ya sayar, ko wanda ya kamata ya tsare ta ya zama shi ne dillalinta, ta shiga wannan hukunci, domin waliyyin da ya ci amana ya zubar da walicinsa a kanta. Daga nan nauyinta ya koma wuyan hukuma, kuma abin da za a kashe mata daga baitulmali haƙƙinta ne.

Sayyidina Umar ya bar misali biyu. Wani mutum daga Banu Sulaim, Sunainu Abu Jamila, ya tsinci jariri da aka yar, ya kawo shi. Umar ya yanke cewa yaron 'yantacce ne, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Misali na biyu ya fi ban tsoro ga duk mai riƙe da mulki. Wani dare Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suna gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya ji jariri yana ta kuka. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san ko shi wane ne ba, ta ce tana ƙoƙarin yaye shi ne tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye, Umar ya yi salla kuka yana rinjayar karatunsa, sannan ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kaso tun ranar haihuwarsa. Ya gane cewa dokar da ya tsara a zaune ita ce take sa jariri kuka a cikin dare, bai tsaya zargin uwar ba, sai ya gyara dokar.

Nijar tana da dokoki a wannan babi, kuma ya kamata muƙaddamai su san su kamar yadda suka san farillan alwala, don su iya nuna wa mai kuka hanya. Dokar watan Yuni na 2003 ta sanya bautarwa cikin manyan laifuka, da hukuncin kaso daga shekara 10 zuwa 30. Dokar 16 ga Disamba 2010 a kan fataucin mutane ta tsananta hukunci idan wanda aka yi fataucinsa yaro ne, ta kuma tanadi asusu na musamman don biyan diyya ga waɗanda aka cuta. An kafa hukuma ta ƙasa mai yaƙi da fataucin mutane, an ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakarwa, a 2017 an fitar da dokar tallafa wa ɗiya mace ta ci gaba da karatu, a 2019 kuma an buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto a Damagaram. Akwai alƙalan yara a kotuna, akwai sashen kula da yara a wurin 'yan sanda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa shari'a. An ruwaito daga Sayyidina Usmanu magana mai ma'anar cewa Allah Yana hana mutane ta hannun mai mulki abin da wa'azi kaɗai bai hana su ba.

Sai dai doka a takarda ba ta buɗe ƙofar ɗaki. Labarin Hadizatu ya nuna haka, domin dokar 2003 tana nan lokacin da aka tura ta kaso. Abin da al'umma take da haƙƙin nema daga mahukunta, cikin ladabi da nasiha, shi ne a cika waɗannan:

A yi wa kowane jariri takardar haihuwa har a ƙauyuka da rugage, domin yarinyar da ba ta da takarda ba ta iya tabbatar wa alƙali shekarunta, mai laifi kuwa zai rantse cewa babba ce.

A hukunta mai saye kamar yadda ake hukunta dillali, domin kasuwa ba ta ci sai da mai saye, kuma kada sarki ko mai gari ko jandarma ya karɓi sulhun kuɗi a kan irin wannan laifi.

A samar da mafaka a kowace jiha. Gida ɗaya a Damagaram ba zai ishi wadda ta gudo daga Ƙonni da ƙafa ba, kuma wadda ba ta da wurin kwana za ta koma hannun wanda ta guje wa.

A duba lafiyarta kyauta kuma da gaggawa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar sida yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, ciki a jikin da bai ƙosa ba kuma yana jawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Ciwon zuciya da firgita su ma suna buƙatar mai saurare da ya san aikinsa.

A saurari shaidarta a keɓe, ba a gaban wanda ya cuce ta da jama'arsa ba, a kuma tsare sunanta daga rediyo da wayoyi.

A zuba kuɗi a asusun diyya, a mayar da ita makaranta ko a koya mata sana'a da jari, a kuma tabbatar wa 'ya'yan da ta haifa nasabarsu da abincinsu.

A tallafa wa gidajen da fari ko rikici ya karya tun kafin dillali ya riga hukuma isa ƙofarsu.

Abin da yake wuyan zawiya

An ruwaito daga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya yarda da shi, cewa ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, su riƙi wanda ya dace, su bar wanda ya saɓa. Saboda haka babu wanda zai fake da ɗariƙa ya riƙe ɗiyar mutane. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin matsiyaci na gaskiya, wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya bugi wani, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a kwaso zunubansu a ɗora masa. Lazimi da wazifa da zikirin Juma'a dukiya ce mai tsada, kuma abin baƙin ciki ne mutum ya tara ta shekara arba'in, ranar hisabi a juye ta a ma'aunin yarinyar da ya saya. Wanda abin ya shafa, ƙofar tuba a buɗe take, amma tana da sharaɗi: ya sake ta, ya biya ta haƙƙin shekarun da ta yi tana masa bauta, ya ɗauki nauyin 'ya'yanta, ya nemi yafewarta ba tare da matsa mata ba, ya kuma miƙa wuya ga abin da hukuma ta yanke.

Muƙaddami da limami su ne farkon waɗanda ake kira idan za a shafa fatiha. Su tambaya kafin su ɗaga hannu: mata nawa ne a gidan, shekarun yarinyar nawa, hannun wa sadaki zai shiga, ita ta san abin da ake yi? In amsa ta yi duhu, su tashi. Malamin allo ya ƙirga almajiransa kowane dare, ya san inda kowannensu yake kwana da gidan da yake zuwa aiki. Attajirin zawiya ya tuna cewa 'yanta wuya da ciyar da maraya a ranar yunwa su ne tudun da Suratul Balad ta kira mutum ya haura, kuma kuɗin makarantar yarinya guda da aka ceto bai kai abin da ake kashewa a abincin Maulidi na dare ɗaya ba. Direba da ɗan kasuwa da mai shayi a tasha, waɗanda da yawansu 'yan'uwa ne, su ne idon al'umma a kan hanya. Wanda ya ga babba da ƙananan 'yan mata waɗanda ba su san inda za a kai su ba, ya sanar da jandarma ko 'yan sanda. Wannan ba tsegumi ba ne, taimakon wanda ake zalunta ne, kuma taimakon azzalumin ne ta hanyar riƙe hannunsa, kamar yadda hadisi ya bayyana.

Mata masu wuridi suna da rabo mafi girma, domin yarinya ba ta faɗa wa namiji abin da take faɗa wa mace. Wannan ƙasa tana da gado a kan haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albab ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. A Kiyota, Sayyida Ummul Khairi, ɗiyar Shehu Ibrahim Inyas, ta kafa makarantu da ƙungiyar mata. Kowace zawiya tana iya zaɓen dattijuwa biyu ko uku masu riƙon sirri, waɗanda kowace yarinya a unguwa ta san cewa in ta ƙwanƙwasa ƙofarsu za a buɗe, a saurare ta, a raka ta likita da wurin hukuma. Idan kuma wadda aka ceto ta dawo gari, a ba ta wuri a sahun mata, a ci abinci da ita a ƙwarya ɗaya, in ta girma mai mutunci ya nemi aurenta a ɗaura da daraja.

Suratut Takwir ta ba da labarin ranar da za a tambayi ɗiyar da aka binne da rai, a kan wane laifi aka kashe ta. Malamai sun ce an fuskantar da tambayar gare ta ne don tsananin fushi ga wanda ya binne ta, har bai cancanci a yi masa magana ba. Wadda aka sayar ita ma za ta tsaya a wannan rana, za ta ambaci wanda ya karɓi kuɗi da wanda ya biya, da maƙwabcin da ya ji kukanta ta bayan darni, da mai mulkin da takardarta ta kwana a teburinsa.

Allah Ya tsare 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan dukkan mutane daga hannun azzalumai. Ya warkar da waɗanda aka cuta, Ya musanya musu tsoro da aminci, Ya mayar musu da abin da aka ƙwace. Ya ba mahukunta ikon tsayar da adalci a kan babba da ƙarami, Ya ba iyaye wadatar da za ta hana su miƙa amana, Ya ba masu laifi tuba ta gaskiya tun kafin ranar da dukiya ba ta amfani. Ya zaunar da ƙasar Nijar da maƙwabtanta lafiya, albarkar Shugaban halitta, sallallahu alaihi wa sallama. Amin.